Ɗaure a Tsakiyar Ruwan Dubai

Ni ba ɗan ruwa ba ne, gara in faɗa tun da farko. A Yauri aka haife ni, amma faci nake yi a bakin tashar mota, kuma iyakar abin da ya haɗa ni da kogi shi ne kifin da nake ci. Ko iyo ban iya ba. Ɗan ruwa na gaske shi ne Kawu Manu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi furfura a kan jirgin fito yana ƙetarar da mutane da shanu da buhunan albasa. Da dillalin da ya shirya mana tafiya ya ce ana neman ma'aikatan jirgi biyu a Dubai, na ce masa ni fa taya na sani. Ya yi dariya ya ce can ba a tambaya, duk wanda ya fito daga Yauri ɗan ruwa ne. Kawu ya sayar da injin jirginsa, ni na sayar da injin iskata, muka taho.

Masaukinmu na farko International City ne, wasu benaye masu kama da juna kusa da wata ƙatuwar kasuwar 'yan Sin. Ɗakin da aka kai mu gadaje ne hawa-hawa, kowa da labulensa, kowa da robar shinkafarsa a ƙarƙashin matashi. Wanda ke kwana a samana wani ɗan Damagaram ne, Issufu, mai aikin ɗaurin kaya a wani sito. Shi ya fara ba mu shayi a ƙasar nan, shi ya nuna mana yadda ake shiga bas da kati. Da ya ji irin aikin da muka zo yi, sai ya ajiye kofinsa.

"Mon frère, bizar me gare ku?"

Na ce ta ziyara ce, amma an ce da mun fara aiki za a juya ta.

"An ce. To wallahi ko me za a yi, kar ku saki fasfo. In fasfo ya bar hannunka, khalas, ka zama akuyar mutum."

Muka yi masa godiya. Bai fi mako da wannan magana ba muka tsaya a wani ƙaramin ofis a Al Muraqqabat, saman shagon canji, muka miƙa fasfo da hannu biyu ga wani mutum mai ƙamshin turare wanda aka ce mu riƙa kiransa Mudir. Ya ce iƙama za a yi mana, wato takardar izinin zama. Me za mu ce? In mun hana, mu koma ina? Na tuna Issufu, na kuma kalli Kawu, na ga shi ma ƙasa yake kallo.

Mudir ya kai mu Khor, wato hannun teku da ya ratsa cikin birnin ya raba shi biyu. Kawu ya tsaya a bakinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe ma kogi ne. Wannan ai bai kai rabin namu ba." Ranar ce kawai na ga yana tafiya da ƙirji a buɗe.

Jirgin namu tsohon jirgin katako ne mai hawa biyu, wanda a da ake zagayawa da baƙi a cikinsa suna cin abinci. Yanzu kujerun roba ne jibge a kusurwa, da fitilu masu igiya da suka mutu, da wani ɗan dandamali da aka ce nan mai rawa yake juyi. Inji kuwa an cire an kai gyara. Aikinmu mu zauna a ciki, mu share, mu kwashe ruwan da ke tsattsafowa ta ƙasa, har injin ya dawo. An jawo shi zuwa wata katangar siminti mai zobban ƙarfe inda jiragen baƙi ke tsayawa na ɗan lokaci. Mudir ya jefa wa Kawu igiya ya ce, "Yalla, kaftin, ɗaure," ya shiga mota ya tafi.

Kawu ya ɗaure. Ya ɗaure shi yadda ake ɗaure jirgi a turke a Yauri, gaba da baya, tamau, ko yatsa ba ya shiga tsakanin katako da tayoyin da ke jikin katanga. Ya ja da baya ya duba aikinsa ya ce ko iskar farkon damina ta zo sai dai ta gaishe shi ta wuce.

Bayan azahar ina kwance a inuwa sai na ji jirgin yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Kofin da na ajiye ya gangara da kansa. Na leƙa, sai na ga katangar da muka taka muka sauko cikin jirgi ɗazu ta yi sama, ga kore-kore da ƙananan katantanwa a jikinta. Ruwa ne ya janye. Jirgin ya bi ruwa ya yi ƙasa, igiya ta ƙi, sai ya rataya a gefe guda. Kawu ya taso da gudu ba takalmi zai sassauta, amma kafin ya kai, gungumen da igiyar ke ɗaure a kai ya tsage da wata irin ƙara. Ya taka wani tsinin katako mai tsohuwar ƙusa, ta shige masa tafin ƙafar dama.

Ba ciwon ne ya dame shi ba a ranar. Yana zaune ina ɗaure masa ƙafa da tsumma, idonsa na kan ruwa.

"Isiya, a gida sai kogi ya yi watanni kafin ya sauka haka. Yana gaya maka, kana ganinsa. Wannan wane irin ruwa ne da zai tafi tsakanin azahar da la'asar?"

Kafin magariba ruwan ya dawo kamar bai je ko'ina ba. Kawu ya tofar da yawu a cikinsa ya ce munafuki.

Da Mudir ya zo ya ga ɓarnar, ya yi ta faɗa da harsuna uku, ba wanda muka ji sosai sai kalmar kaftin da yake ta maimaitawa yana nuna Kawu da baki. Ya ce dama nan wurin baƙi ne, ba a daɗewa. Washegari wani ƙaramin jirgi mai inji ya ja mu can ciki, nesa da inda ake hada-hada, zuwa wata ƙatuwar gangar ƙarfe mai yawo a kan ruwa wadda aka ɗaure da sarƙa a ƙasa. Boya suke kiranta. Aka ɗaura hancin jirginmu a jikinta da igiya ɗaya. Mudir ya sauke mana jarkokin ruwa, da buhun shinkafa, da gwangwanayen kifi, da ƙaramin gas. Ya ce kwana kaɗan ne, inshallah. Jirgin da ya kawo mu ya juya da shi, bai bar mana ko ɗan kwalekwalen da za mu fita ba.

Wanda bai zauna a boya ba ba zai gane ba. Kana tsakiyar birni, kana ganin motoci a kan gada, kana ganin benaye masu gilashi, kiran salla yana iso maka daga masallatai ta ko'ina, amma tsakaninka da duk wannan akwai ruwan da ya fi tsawonka sau da yawa. Jirgin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ruwa na shigowa daga teku sai ya juya hanci ya fuskanci teku, in yana fita sai ya juya baya. Mun sha tayar da salla muna kallon alƙibla, kafin mu sallame mun koma kallon wani otel. Da farko Kawu yakan sake sallar. Daga baya ya ce Allah Ya ga niyya, kuma Ya ga wanda ya ɗaure mu.

Zafi kuwa ba a magana. Da hantsi katakon bene yakan yi zafin da ba a taka shi, iskar ma da ɗumi take zuwa, da gishiri, ta manne maka a jiki. Mukan shige ƙarƙashin rumfa mu yi shiru don magana ma gajiya ce. Wayarmu muna cajinta da wani ƙaramin faifan rana da muka tarar a jirgin, kuma da ita nake jin muryar mahaifiyata. Kullum tambayarta ɗaya, "Ɗan'uwana yana shan maganinsa?" Kawu yana da ciwon suga. Nakan ce yana sha, alhali ƙwayoyin da ya zo da su yana raba kowace biyu don su kai. Ranar da bizarmu ta ƙare, layin wayar ya mutu tare da ita. Na yi ta kashewa ina kunnawa kamar mahaukaci. Daga ranar ba mu da bakin da ya wuce gefen jirgi.

Mudir yakan zo in ya ga dama, ya miƙo jarka da buhu ba tare da ya hawo ba. In na ce inji fa, ya ce bukra, wato gobe. In na ce iƙama fa, ya ce bukra inshallah. Na nuna masa ƙafar Kawu da ta kumbura, ya leƙo daga nesa ya ce, "Mafi mushkila, shwaiya shwaiya," wai ba matsala, a bi a hankali, zuwansa na gaba ya jefo mana maganin ciwon kai. Na roƙe shi ya ɗauke shi zuwa asibiti. Ya haɗa wuyan hannayensa biyu kamar an sa masa ankwa, ya ce ba biza, asibiti za su kira 'yan sanda, mu yi haƙuri takarda ta fito. Na zage shi da Hausa har kakansa. Ya yi murmushi ya ɗaga mini hannu.

Jiragen masu yawon shaƙatawa sukan wuce jefi-jefi. Na taɓa cire rigata ina kaɗawa da ƙarfi ina ihu. Wata mata mai ƙatuwar hula ta kaɗa mini hannu ita ma, mijinta ya ɗauke ni hoto. A Yauri in ka ɗaga tsumma a kan gora, ko maƙiyinka ne sai ya karkato ya ji lafiya. Nan an ɗauka gaisuwa nake. Jirgin 'yan sanda ma yakan gifta wani lokaci, amma da na miƙe sai Kawu ya riƙe mini wando.

"Zauna. So kake a ce Manu ya sayar da injinsa ya tafi Dubai an koro shi da ankwa? Da wane ido zan sauka kwatar jiragen Yauri?"

"Kawu, ƙafar nan fa wari take."

"Ƙafarka ce?"

Mun yi faɗa ranar, faɗa na gaske. Na ce masa girman kai ne zai kashe shi, na ce da bai yi ɗaurin gwaninta ba da yanzu muna jikin katanga muna shan shayi da mutane. Ya juya mini baya ya ci gaba da wanke ciwon da ruwan gishiri. Na hau sama na zauna cikin kujerun roba na yi kuka, don haushi, don tsoro, don kuma na san ya ji zafin maganar fiye da ƙusar.

Abin da ya rage mana na mutane shi ne jiragen dakon kaya. Can ciki da mu, ta gefen gaɓa, akwai manyan jiragen katako masu kai kaya ƙasashen ƙetare, ɗaure a jere, na farko a jikin katanga, na biyu a jikin na farko, haka har na waje. Nisanmu da su ka ga mutum sarai amma muryarka ba ta kai masa, ga ƙarar gada. A jirgin waje akwai wani dattijo baƙi siriri mai jan gemu. Kullum da safe in ya fito zubar da ganyen shayi sai ya ɗaga mana buta, mu ɗaga masa hannu. Kawu ya sa masa suna Maƙwabci.

Tun da ƙafa ta hana shi tsayuwa, Kawu ya koma kallon ruwan da ya tsana. Yakan jingina da gefen jirgi ya jefa ɓawon albasa ya bi shi da ido. Ya gane lokacin da ruwa ke shigowa da ƙarfi, da lokacin da yake tsayawa cik kamar yana tunani, da yadda kullum yake ɗan jinkirta zuwansa. Ya ce yana bin wata ne. Ya ce, "Ba munafuki ba ne ashe. Yana da alƙawari, ni ne ban san yarensa ba."

Sai zazzaɓi ya zo. Yatsun ƙafar suka yi baƙi, baƙin ya fara hawa. Ƙwayoyin suga sun ƙare tuni. Mudir ya yi kwanaki bai leƙo ba, jirgin 'yan sandan da nake ta addu'ar ya gifta shi ma ya ɗauke ƙafa. Kawu ya fara kiran sunan matarsa da ta rasu, yana cewa a kawar da shanu daga gefe ɗaya jirgi zai kife. Na tabbata in ya ƙara kwana biyu a nan, gawa zan zauna da ita.

Da safe hankalinsa ya ɗan dawo. Na durƙusa a gabansa na ce, "Kawu, ka yafe mini, amma yau ko ka yarda ko ba ka yarda ba sai na fitar da kai. In ta kama in faɗa ruwa ne in mutu a gani, zan faɗa."

Ya dube ni da jajayen idanu. "Kai da ko a kwano ba ka iya iyo ba." Sannan ya ce, "Tattaro mini duk igiyar da ke jirgin nan."

Na tattaro. Akwai tsofaffin igiyoyin ɗauri a ƙasa, da ta anka, da waɗanda suka riƙe rumfa. Ya sa na jingina shi da buhun shinkafa, ya riƙa ɗaura bakin wannan da na wancan, kowane ƙulli na zama daram. Wadda ta ruɓe ya jefar. Yana yi yana gaya mini abin da zan yi, a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. In ruwa ya fara shigowa, zai tura mu ciki, wajen jiragen kaya. Ba kwance jirgi za mu yi ba, tsawon igiya za mu ƙara masa, ya tafi yana ɗaure. Amma in igiyar tana hanci, miƙewa zai yi ya wuce su ta tsakiyar ruwa. Sai a mayar da ita kafaɗar jirgi, wato gefensa ta wajen gaba, ya tsaya a karkace, ruwa ya bugi cikinsa ya tura shi gefe.

"Haka muke kai jirgin shanu gaɓa in ruwa ya yi ƙarfi. Kar ka riƙe da hannu, ya fi ƙarfinka. Naɗa ta a gungume sau biyu, ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ka saki gaba ɗaya mun tafi."

Bayan azahar ɓawon albasa ya nuna ruwa ya juyo. Na ɗaura sabuwar igiyar a zoben boya, na kai ta kafaɗa, na naɗa, na yi bisimilla na kwance tsohuwar. Jirgin ya yi kamar bai ji ba. Can sai ya ja baya, igiya ta miƙe ta yi ƙara, gaba ɗayansa ya karkace. Boyar da na saba gani a ƙarƙashin hancinmu ta fara nisa. Sai a lokacin na gane girman abin da nake riƙe da shi.

"Ba shi," in ji Kawu daga inda yake kwance. "Ba shi. Tsaya. Bar shi ya sha ruwa. Ba shi."

Ba ya ma ganin ruwan, ƙarar igiya kawai yake saurare. Duk ƙullin da ya zo gungume sai ya maƙale, in tura shi da tafin hannu, ya fizge ya tafi da fatata. Jini ya ɓata igiyar. Amma jiragen kaya suna matsowa, har na fara ganin wankin da suka shanya. Mutane suka fito suka yi cirko-cirko suna nuno mu, wani yana ɗaga hannu biyu yana ihu, da alama cewa yake mu yi hankali za mu buge su.

Igiya ta ƙare saura kaɗan. Na ɗaure bakinta na tsaya, ga jirgin Maƙwabci nan, da a tudu ne da taku kaɗan ne, amma ruwa ne a tsakani. Na rasa abin yi. Kawu ya ce, "Jefa musu ragowar igiyar rumfa. Ba ɗan jirgin da za a jefa wa igiya ya ƙi kamawa, ko a ina ne."

Na jefa ta faɗa ruwa. Na jawo na sake jefawa. A karo na uku Maƙwabci ya miƙa wata sanda mai ƙugiya ya cafko ta. Bai tambayi ko mu su wa ne ba. Ya yi magana ɗaya, mutum biyar suka kama suka ja, suka zura tayoyi a tsakani, katako ya haɗu da katako.

Na ce, "Marid, marid," wato mara lafiya, ina nuna Kawu. Maƙwabci ya tsallako, ya ɗaga tsumman ƙafar ya mayar da sauri, ya ce la haula. Ya dafa ƙirjinsa ya ce Abdi, mutumin Somaliya ne, shi ke dafa musu abinci. Nan take wani ya ciro waya. Suka kawo bargo muka sa Kawu a ciki, mutum huɗu kowa da kusurwa.

Kafin ka kai katanga sai ka ratsa jiragen mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma da ƙa'ida. Ta gaba ake bi, ba ta inda suke kwana ba, a cire takalmi, a yi sallama a kowane jirgi. Ko a wannan hali Abdi bai tsallake ko ɗaya ba, yana gaba yana assalamu alaikum, ana amsawa da harsuna iri-iri. Muka bi ta kan buhuna da kwalayen firji da tayoyi. A kowane jirgi sai wani ya karɓi kusurwar bargo daga hannun wanda ya gaji. Wani ya ɗiga wa Kawu ruwan sanyi a baki, wani ya riƙe masa kwali a kan fuska saboda rana. Ban san sunan ko ɗayansu ba.

A jirgi na ƙarshe akwai katako da aka gitta zuwa katanga. Ga ƙasa nan, siminti mai zafi, da wata kyanwa kwance a inuwar kwali. Na ji kukan motar asibiti tana tahowa. Na ɗaga ƙafa zan taka katakon, sai Kawu ya kama hannuna da ya yayyage.

"Ina za ka?"

"Tare za mu tafi, Kawu."

"Ruwa ya kusa tsayawa. In ya juya ba kowa a jirgin nan, zai yi ta jan igiya a tsakiyar hanya, ya daki na mutanen da suka taimake mu, ko wani jirgi mai gudu ya zo ya sarƙe. Koma. In ya fara komawa ka riƙa tattara igiya, kar ka bar ta ta nutse."

"Jirgin banza, Kawu? Jirgin mutumin da ya bar ka ka ruɓe?"

"Ba don shi ba. Mu muka kwance shi." Ya ja numfashi. "In ka ga uwarka kafin ni, ka ce ina shan magani."

Abdi ma ya dafa kafaɗata, ya nuna motar, ya nuna aljihuna da ba fasfo ba biza, ya girgiza kai. Ya nuna idonsa ya nuna Kawu, wato shi zai bi shi. Na tsaya a kan jirgin ina kallo aka ɗora Kawu a gado mai taya aka rufe ƙofa. Ban taka ƙasar ba. Na juya na sake ratsa jiragen nan ina sallama.

Da ruwa ya juya, mutanen jirgin Abdi suka sakar mini igiya. Jirgin ya koma da kansa, ni dai tattara igiya nake ina tarawa, har boya ta zo ta bugi hancinsa na ɗaure. Na zauna a inda Kawu yake kwanciya. Tabarmarsa na nan da warin ciwon, na kasa ɗauke ta.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Ban san ko yana raye ba. Kullum da safe nakan tsaya a gefen jirgi in jira Abdi. Rana ta farko ya buɗe hannuwa, bai sani ba. Ta biyu ma haka. Wata safiya ya fito ba buta a hannunsa. Ya tsaya inda zan gan shi sosai, ya ɗaga hannu biyu sama kamar mai godiya ga Allah, ya dafa ƙirji. Sannan ya sunkuya ya sa gefen hannunsa a ƙasan gwiwarsa ta dama, ya ja. Na gane. Na yi hamdala da ƙarfi, sai kuma na zauna na dafe kai, don duk rayuwar Kawu a tsaye ya yi ta a bayan jirgi da gora a hannu.

A asibiti an tambayi Kawu daga ina ya fito, ya faɗa. Jirgin 'yan sanda ya zo har boya. Ban jira sun kira ni ba, na ɗauko ledar kayana da ta Kawu na miƙa musu hannu. Ba su sa mini ankwa ba, ɗayansu ma ya ba ni ruwa ya kalli tafin hannuna ya girgiza kai. Na yi zaman da na yi a tsare, aka karɓo fasfo ɗinmu daga inda yake, aka ce za a mayar da mu gida. Abin da aka yi da Mudir ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

A filin jirgin sama na sake ganin Kawu. Wani ma'aikaci ne ya turo shi a keken marasa lafiya. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa, an naɗe ƙafar wandonsa ta dama an maƙale da fil. Na yi tanadin maganganu da yawa, na neman gafara da na ban haƙuri, da yadda za mu gaya wa mahaifiyata. Na durƙusa a gaban keken na kama hannunsa.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya tafin hannuna ya ga inda ya warke. Sannan ya ɗaure fuska ya ce, "Isiya, wa ka bar wa jirgin?"